Gemuna Ya Kama da Wuta, Ku Shafa wa Naku Ruwa

Hausawa sun ce idan ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa. Shekara arba'in da ɗoriya ina jin wannan magana, ina kuma jefa ta a majalisa duk sa'ad da aka kori wani daga aiki ko asirin wani ya tonu. Ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana ni ne zan zama ɗan'uwan ba. Gemu na gaske, wuta ta gaske, a tsakar gidana, washegarin Babbar Sallah, kuma surukina na bakin zaure yana sallama.

Asalin abin fushi ne. A Babbar Sallar da ta gabaci waccan, tun da hantsi na kai wa mai tsiren bakin layinmu cinya biyu ya yi mini balangu. Ya ce in dawo bayan azahar. Na dawo, ya ce la'asar sakaliya. Na sake dawowa, ya nuna mini tulin naman mutane da ke gaban nawa, ya ce Alhaji a yi haƙuri. Sai bayan isha'i yaro ya shigo da ƙunshi, lokacin baƙin da na gayyata sun riga sun ci tuwo sun watse. A gaskiya ba laifinsa ba ne, rabin unguwa ce ta jibge masa nama, amma mai fushi ba ya lissafi. A daren na faɗa wa iyalina cewa ni da mai tsire har abada. Allah ya so ban haɗa da rantsuwa ba, da yanzu kaffara na kaina.

Sai waya ta ƙara zuga ni. Kun san halinta, abin da ka raya a zuci shi take tallata maka. Kullum sai ta nuna mini wani Bature da gajeren wando, tsaye a kan ciyawa gaban wani akwatin ƙarfe mai murfi. Ya murza wani abu, wuta ta tashi cikin ladabi kamar wadda aka yi wa tarbiyya. Babu fifita, babu busa, babu hawaye, babu aiken yaro sayen kalanzir. Ya jera nama, ya rufe, ya buɗe, nama ya yi ja yana naso. Na ce in dai wannan ne gashi, lallai mai tsire ya daɗe yana cin kuɗinmu a banza.

Mako guda bayan Ƙaramar Sallah na samo irinsa wurin wani dillalin kayan gwanjo. Ɗan Kwatano ne, wai wata tsohuwa ce a Jamus ta yi amfani da shi sau biyu kacal. Ban san me ya sa duk kayan gwanjon duniya na tsohuwar nan ne ba, Allah dai ya saka mata. Makunni uku gare shi, da taya biyu, da wani jan maɓalli na ƙyastu, ga agogon zafi a jikin murfi kamar na mota. Har da ɗan littafinsa cikin Jamusanci. Na ce namiji ba ya karanta littafi kafin ya hura wuta, na miƙa wa yara, suka yi jirgin sama da shi.

Uwargida ta fito ta zagaya shi sau biyu, ta ce, "Sannu da zuwa, Amarya." Sunan da ya bi shi ke nan. Sannan ta dube ni ta ce, "Maigida, ka kuwa san yadda ake kunna ta?" Na ce ke dai naki ido. Matar nan shekararta goma sha biyu tana girki da gas, ko tsumma ba ta taɓa ƙonawa ba. Amma a lissafina na lokacin, wancan gas ɗin mata ne, wannan kuwa na maza. Na tura Amarya bayan gida kusa da akurkin kaji, na lulluɓe ta da tampol. Wata biyu tana nan, nakan leƙa ta bayan isha'i in ɗaga mayafin in yi murmushi in mayar.

Ana saura kwana uku sallah na aro tsohuwar tukunyar gas mai kilo 12.5 wurin ƙanena, na kwantar da ita a but, na nufi wurin mai gas tana ta birgima a baya, gangaran gangaran, duk sa'ad da na taka birki. Yaron mai gas yana buɗe but ya dafe kai.

"Haba Alhaji, tukunyar gas ba ta kwanciya. A tsaye ake ɗaukarta, a tsaye ake ajiye ta. Kuma kada a bar ta cikin mota a rana."

Ban je Makka ba, amma a Kano duk mai mota Alhaji ne. Ya karkata tukunyar ya karanta rubutun jikinta, ya nuna mini shekarar da aka ƙera ta da nauyinta idan babu komai a ciki. Ya ce tukunya ma wa'adi gare ta, a Najeriya shekara 15 aka yanke mata, tamu da ɗan sauran numfashi. Ya ɗora ta a sikeli ya ɗura. Da ya tsaya, sai halin ɗan kasuwa ya motsa mini, na ce, "To, a yi mini gyara mana."

Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce gas ba tumatir ba ne. Abin da ke cikin tukunyar ruwa ne da aka matse, idan zafi ya taɓa shi kumbura yake yi, shi ya sa ake tsayawa a wajen kashi 80 cikin ɗari a bar masa wurin miƙe ƙafa. "Gyaran da zan yi maka ke nan, Alhaji, wurin nan da na bari." Ya ƙara da cewa lita guda ta ruwan nan, idan ta fito fili, tana zama iska kusan lita 250. Kuma shi gas ba shi da wari ko kaɗan, da gangan ake zuba masa sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai don hanci ya yi wa mai gida gadi. Na riƙa gyaɗa kai kamar ƙadangare, amma maganar ta shiga ta kunnen dama ta fice ta hagu. Hankalina na kan yadda zan tsaya gaban Amarya mutane na kallo.

Akwai abin da ya kamata mai karatu ya sani kafin mu isa wurin. Kamar yadda mai niyyar layya yake yi, tun da watan Zulhajji ya kama ban taɓa gashina ko farcena ba. Gemu ya cika ya yi fam, gashin baki ya sauko, gira ta yi duhu. Ranar sallah hidimar yanka da fiɗa ta hana ni zuwa aski, na ce gobe da yamma in na gama gashi sai in je. Ashe wanzamin na bayan gida, lulluɓe da tampol.

Washegari aka sauke ragon da ya kwana a rataye ya tsane. Na ci ado da babbar riga, na karya hula, na turo Amarya. Da yake farkon damina ne, gari ya ɗan haɗa hadari, sai na nufi gareji da ita. Uwargida ta tare hanya.

"Maigida, ba a ciki ba. Ka manta gidajen da hayaƙin janareto ya kwantar da su har abada? Wannan ma tana fitar da irin iskar nan, ba a gani, ba a jin wari, sai dai mutum ya ji barci."

Na juya na kai ta ƙarƙashin rumfar zana, kusa da ragowar harawar marigayi rago. Nan ma ta ce a'a. Sai da ta auna taku uku manya daga bango, daga rumfa, daga igiyar shanya, ta nuna tsakiyar fili ta ce nan. Ta kuma ce in cire babbar riga, hannunta zai share wuta. Na cire ina gunaguni, ina cewa an mayar da mutum yaro a gidansa. Yau duk lokacin da na ga rigar nan a rataye sai in ji kamar in yi mata barka.

Na haɗa tiyo. Zoben ƙarfen da ke matse bakinsa ya ɓace tun wurin dillali, don haka na ɗaure shi da igiyar roba irin wadda ake ɗaure kaya a bayan babur. Na buɗe kan tukunya. Jim kaɗan wani wari ya gauraye tsakar gida. Na dubi yaran da suka kewaye ni, na ɗaure fuska na ce, "Wane mara kunya ne a cikinku?" Babban ya nuna na tsakiya, na tsakiya ya nuna auta, auta ya fashe da kuka yana rantsuwa ba shi ba ne. Har na fara wa'azi a kan illar cin nama ba ƙaƙƙautawa, sai maganar mai gas ta dawo mini daga inda ta tafi. Na ce to bari in gano inda yake tsiyaya. Na laluba aljihu, na tuna ashana na kicin, na ce wa babban ya ɗauko.

Maimakon ashana, uwarsa ce ta fito da kofin ruwan omo da soso. Ba ta ce mini uffan ba. Ta shafa kumfa a wuyan tukunya, ta bi tiyon da shi tun daga rigileta har inda ya shiga jikin Amarya. Daidai ɗaurin robata kumfa ya fara kumbura yana hura ƙwai kamar maƙogwaron kwaɗo. Ta rufe tukunyar, ta ce kowa ya ja baya, kada a kunna komai.

"Da ashana za ka nemi yoyon gas, Maigida?"

"Gwadawa zan yi."

"Ai kuwa da ka same shi."

Ta ce gas ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama kamar hayaƙi, ƙasa yake bi kamar ruwa ya taru a lungu da kwata yana jiran mai tsautsayi. Ta ciro sabon zoben ƙarfe daga cikin tarkacenta, ta sa na matse da sukundireba, ta lanƙwasa tiyon ta duba ko ya tsage ko ɓera ya ɗanɗana shi. Muka sake shafa kumfa, shiru. Ta juya za ta koma wurin suyarta, ta waiwayo ta ce, "In za ka kunna, ka fara buɗe..." Na ɗaga mata hannu. Na ce an gode, daga nan aikin maza ne.

Ga yadda aikin maza ya kasance. Murfi na rufe, domin a tunanina kada iska ta kashe wutar. Na murza makunni na ɗaya, na biyu, na uku, duka har ƙarshe, tunda ba rowa muka zo yi ba. Na danna jan maɓalli. Ƙyas. Na sake dannawa. Ƙyas, ƙyas. Batirin da ke ciki, ina jin tun na tsohuwar Jamus ne. Na tura yaro ya saci ashana ba tare da uwarsa ta gani ba. Kafin ya dawo waya ta yi ƙara, Kawu ne daga ƙauye yake barka da sallah. Kowa ya san gaisuwar Kawu. Ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, ya tambayi rago, ya tambayi kuɗin rago, ya yi salati. Duk wannan lokacin Amarya na huci a hankali, sssss, ni kuwa ina cewa lafiya lau, Kawu, sai godiya.

Na ajiye waya. Na ɗaga murfi kaɗan, na sunkuya na cusa fuska don in ga inda wuta za ta fito, na ƙyasta.

Ban ji ƙarar ba sai daga baya, a bakin mutane. Abin da na gani shi ne duniya ta koma shuɗiya, ta koma ja, sannan na tsinci kaina zaune daɓas a ƙasa, taku biyu daga inda nake. Murfi ya wangale da kansa. Kaji suka haye katanga. Hulata ta tashi ta sauka cikin robar wanke-wanke. Auta, wanda hawayensa bai gama bushewa ba, ya yi tsalle yana tafi. Uwargida ta fito a guje, ba ta ko kalle ni ba sai da ta rufe kan tukunya, sannan ta murɗe makunnan uku, sannan ta juyo. Ta buɗe baki za ta yi salati, ta ga fuskata, salatin ya maƙale tsakanin kuka da dariya.

Daidai nan aka yi sallama.

"Salamu alaikum. A'a, ashe har an fara babbaka? Tun daga zaure nake jin ƙauri."

Surukina ne. Ya shigo yana waige-waigen kan rago da ƙafafu, bai ga komai a wuta ba, sai idonsa ya sauka kaina. Ni kuma kunya ta sa na yunƙura na durƙusa ina cewa barka da sallah, Baba, hayaƙi na tashi daga haɓata. Dattijo ne mai kawaici. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce, "Barkanmu dai, Malam. An yi sallah lafiya?" Na ce lafiya lau.

Kafin ka ce kwabo maƙwabta sun cika gida, kowa da maganinsa. Wata ta ce a shafa makilin, wata ta ce ɗanyen ƙwai, wata manja, wani ya rantse da baƙin mai. Uwargida ta kore su duka, ta zaunar da ni bakin randa ta riƙa kwarara mini ruwa mai sanyi a fuska, moɗa bayan moɗa, har minti 20 cif. Ta buga wa ƙanwarta ma'aikaciyar jinya waya, ita ma ta ce ruwa kawai, ban da ƙanƙara, kuma in fata ta tashi, ko ido ya samu matsala, ko numfashi ya sauya, a wuce asibiti ba jira. Allah ya taƙaita, fata ta yi ja kawai. Da aka miƙo mini madubi sai na ga wani baƙo. Gira babu, gashin ido babu, gashin baki rabi, gemu kamar gonar da aka yi wa ƙunar daji. Kwana goma ina tattali, Amarya ta gama da shi kafin ƙiftawar idon da ba shi da gashi.

Mai hankali da nan zai tsaya. Amma nama na jira, jama'a na kallo, kuma girman kai rawanin tsiya ne, ko hula ta faɗi shi yana nan. Na ce a sake. Wannan karon Uwargida ta tsaya a kaina tana faɗa ina bi, kamar ɗan makarantar allo. Murfi a buɗe warai. Makunnai duka a rufe. A buɗe tukunya a hankali. A kunna dogon tsinke tukuna, a kai shi bakin bututu, sannan a murza makunni guda ɗaya tak, fuska a nesa. In bai kama ba kafin ka ƙirga biyar, a rufe komai a jira minti biyar iska ta kwashe. Na bi, wuta ta kama shuɗiya cikin ladabi, irin ta Baturen nan. Ashe tarbiyyar a wurin mai kunnawa take.

Na biyu ma ya kama. Na uku ne ya ƙi. Wutarsa ta fito ruwan ɗorawa, tana lilo tana baƙin hayaƙi, wani harshe har yana leƙowa ta bayan makunni. Surukina, wanda tun ɗazu yake zaune a tabarma yana jan carbi yana kallon katanga, ya gyara murya. Tsohon bakanike ne, ya yi shekaru yana kwance kafireta.

"Malam, kashe. Numfashinta ne ya toshe."

Ya ce wuta mai lafiya shuɗiya ce. Gas ba ya ci shi kaɗai, akwai ƙofa a gindin bututun da yake zuƙo iska su gauraya, kamar fetur da iska a inji. In hanyar ta toshe, wuta ta yi ɗorawa, gas kuma ya nemi hanyar komawa baya. Muka kashe, muka cire tukunya, muka jira ƙarfe ya huce. Ya naɗe hannun riga, ya kwance bututun, ya zura waya. Sai ga ɓarɓashin laka na zubowa, da 'yan tsutsotsi a sanƙare. Zanzaro ne ya yi gini. Wata biyun da nake leƙa Amarya ina murmushi, ashe har ta saka ɗan haya. Baba ya busa bututun, ya ɗaga shi saitin rana ya leƙa, ya mayar, ya ce duk abin da ya daɗe a ajiye, a duba hancinsa kafin a ba shi wuta.

Wuta uku suka tashi shuɗaye reras. Raina ya dawo. Domin in fanshe mutuncina, na kwaso haƙarƙari da duk inda kitse ya fi yawa, na shimfiɗe raga kaf ba masaka tsinke, na murza wuta har ƙarshe. Sannan na tafi ɗaki neman wata hular.

Ihun yara ne ya fito da ni. Wuta ta tashi ta fi ni tsawo, ja wur, tana tartsatsi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Na suri bokitin ruwa na ɗaga, sai na ji an riƙe mini hannu ta baya, riƙo irin na wanda ya saba kayar da sa.

"Alhaji, ruwa a wutar kitse?"

Mai tsire ne. Hayaƙi ya hango daga bakin layi. Ya ajiye bokitin, ya zagaya ta gefen iska ya rufe tukunya, ya murɗe makunnai, ya sa wani dogon itace ya turo murfi ya rufe ruf. Ya ce kowa ya matsa, kada wanda ya buɗe. Muka tsaya cirko-cirko, wuta ta yi ta gurnani a ciki, ta rasa iska, ta mutu. Murfin da ya cinye mini gira ɗazu, shi ne ya cece mini gida yanzu. Na dubi rumfar zana da harawar da ke taku uku daga wurin, na saci kallon Uwargida, ta yi kamar ba ta gan ni ba.

Ya ce ruwa ya fi kitse nauyi, in ka watsa sai ya nutse ƙasa ya tafasa nan take, ya yi tsalle da kitsen mai ci ya watsa wa duk wanda ke kusa. Daga baya na ji cewa ruwa in ya koma tururi yana ninka girmansa wajen sau 1,700, na gode wa Allah da hannun mahauci ya fi nawa sauri. Ya ce shi bokitin yashi yake ajiyewa gefen tukubarsa.

Da ƙarfe ya huce ya sunkuya ya zaro wani tire daga ƙarƙashi, wanda ban ma san da shi ba. Uwargida ta wanke raga wankin tsarki tun jiya, amma tiren ya ɓuya mana. Cike yake da tsohon daskararren kitse, kauri kamar sabulun salo, shi ne ya haɗu da na ragona suka tayar da gobarar. Surukina ya leƙa, ya yi shiru, sannan ya tambaya a hankali, "Malam, wannan kitsen wace dabba ce?"

Tsakar gida ta yi tsit. Kowa ya tuna tsohuwar Jamus. Allah ya taimake ni haƙarƙarin ya riga ya zama gawayi, ba a buƙaci fatawa ba. Aka kwashe aka zubar, aka tafasa ruwa aka wanke Amarya ciki da bai, lungu da saƙo, har sai da Baba ya gyaɗa kai.

Mai tsire bai tuna mini da maganar bara ba, ko da yake na san ta kai kunnensa. Ya dai karɓi wuƙa ya rage kitsen cinya, ya ce kitse ɗan kaɗan ƙamshi ne, mai yawa makamashi. Ya sa aka kunna aka rufe murfi minti goma zuwa sha biyar raga ta yi zafi, ya tsire rabin albasa da tsinke ya goge ta tas. Ya ce in guji burushin waya mai araha, silinsa na karyewa ya maƙale a nama ya sauka a maƙogwaron yaro. Sannan ya kashe makunni ɗaya ya bar biyu. Nama ya fara shan wuta a ɓangare mai zafi, in ya yi ja sai a matsar da shi inda babu wuta ya ƙarasa nuna a hankali.

"Ka taɓa ganin na ɗora tsire a kan harshen wuta, Alhaji? Kewaye ta nake yi da shi. Kuma mai gashi ba ya zuwa neman hula."

Naman da ya fito a ranar, ban taɓa cin irinsa ba, ko da yake ina taunawa fuska na zogi. Da aka gama Uwargida ta nuna mini yadda ake kashewa: tukunya tukuna, a bar wutar ta cinye abin da ya rage a tiyo ta mutu da kanta, sannan makunnai. Aka cire tukunyar aka tsayar da ita a inuwa inda iska ke ratsawa, nesa da ɗakin kwana.

Sauran kwanakin sallar sai a hankali. Ban san aikin gira ba sai da na rasa ta. Zufa ta riƙa gangarowa kai tsaye cikin ido, kuma duk maganar da aka faɗa mini sai in yi kama da wanda ya sha mamaki. A masallaci liman ya ce mini an yi ruwa jiya, ya ga fuskata, ya ce wallahi da gaske yake. Uwargida ta yi mini tayin jagirarta, na ce Allah ya kiyaye. Mai aski kuwa ya juya kaina hagu da dama ya ce, "Alhaji, wa ya fara maka? A gaya masa hannunsa na da nauyi." Kuma ya karɓi kuɗinsa cif.

Gira ta dawo bayan 'yan makonni, gemu ma ya biyo baya. Amarya na nan, yanzu muna zaman lafiya, domin kafin in taɓa ta sai na zaro tire na wanke, na leƙa bututu ko zanzaro ya sabunta haya, na kuma ce, "Uwargida, zo ki duba mini." Mai tsire ma cinya guda tasa ce duk shekara, ya gasa ko kada ya gasa. A majalisa kuwa an daina jefa karin maganar nan in ina zaune, sai dai a dube ni a yi murmushi. Ni nake ƙarasa musu. Nakan ce ku shafa wa naku ruwa, amma ruwan omo, kuma a jikin tiyo.

Mutum ɗaya ne bai ji daɗin shiryuwata ba. Da sallar bana ta zo, na buɗe murfi, na ƙirga, wuta ta kama shiru ba ko tari. Auta ya daɗe yana jira da yatsu a kunne. Da ya ga ba abin da ya faru, ya sauke hannu, ya ja mini riga ya ce, "Baba, bana ba za ka yi mana bum ɗin ba?"